Rigar da Lyle Ya Rataye a Babur

L'Anse, Michigan
20 ga Mayu, 1997

Kawu Reino,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma gaida gwiwar nan taka da ba ka son a yi maganarta. Ina fata kukun jirgin ruwanku na bana ya fi na bara, wanda ka ce ko kare ba zai ci miyarsa ba. Mu nan lafiya. Ƙanƙara ta gama narkewa a bakin tafki. Na leƙa gidanka ranar Asabar na buɗe famfuna, babu bututun da ya fashe, ɓeraye dai sun yi biki a buhun hatsin tsuntsayenka.

Shekaranjiya Lyle ya cika shekara ɗaya a ƙasa, ni kuma shekara ɗaya ina amsa sunan matar marigayi. Na je kabari na tarar uwarsa ta riga ni. Na gaishe ta, ta ci gaba da gyara furanninta kamar iska ce ta wuce.

Kawu, na gano babur ɗin ruwansa. Na gan shi a jaridar talla, wani Stan Dubek can Eagle River ya sa shi kasuwa. Ruwan ɗorawa, da baƙin faci a kujera. Ni na ɗinke facin nan da hannuna. Kai ka kai wa mutumin bayan jana'iza don kada in riƙa ganinsa a tsakar gida, na kuma gode maka a lokacin. Yanzu ina so in saye shi in dawo da shi.

Kafin ka ce na haukace, saurara. Ka san abin da garin nan ke faɗa. An tsinci babur yana yawo shi kaɗai, inji a kashe, rigar ceton Lyle a rataye a hannun babur, har an ɗaure maɗaurinta. Suna cewa wanda ya faɗa ruwa bisa tsautsayi ba ya tsayawa rataye riga. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne abin da na ce masa da safen nan. Wata huɗu ke nan da sallamarsa daga masana'antar katako, yana zaune a kujera ɗaya tun safe har yamma. Na ce, "Lyle, na rantse gidan nan ya fi sauƙin zama in ba ka ciki." Ya dube ni, ya ɗauki makulli ya fita. Ko ƙofa bai buga ba. Maƙwabciyarmu tana shanya ta ji komai, kafin a binne shi uwarsa ta ji.

In injin ne ya mutu masa a tsakiyar ruwa, ina so in sani. In kuma lafiyarsa lau, to, shi ma gara in sani. Shekara talatin da ɗaya kana ɗakin inji. Rubuto mini abin da ake dubawa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ka koya mini canza taya bayan rasuwar babana.

'Yarka,
Paula

A kan jirgi, muna gangarawa Toledo
3 ga Yuni, 1997

Paula 'yata,

Wasiƙarki ta same ni a Detroit, ƙaramin jirgin wasiƙa ya miƙo mana ita cikin bokiti tare da jaridun mako biyu. Ina lafiya. Gwiwa tana nan, ta san aikinta, na san nawa. Kukun bana ya iya burodi, bai iya komai ba bayan wannan. Tama muke ɗauka daga Duluth, muna sauke ta, muna komawa, kamar kullum. Na gode da duba gida. Ki bar wa ɓerayen hatsin, sun fi ni zama a can.

Maganar babur, ki bar ta. Tsohon babur ɗin ruwa wahala ce kawai, balle wanda ya yi shekara a hannun wani. Ba ki san abin da aka yi masa ba, ko irin man da aka zuba masa. Ko kin buɗe shi, me za ki gani? Ƙarfe da tsatsa.

Na karanta abin da kika gaya wa Lyle. Babu matar da ba ta taɓa faɗa wa mijinta irin wannan ba. Uwarki ta sha gaya wa babanki abin da ya fi haka, ya kuma mutu a gadonsa yana riƙe da hannunta.

Ki ji maganata, 'yata. Injin nan ba zai gaya miki abin da zai kwantar miki da hankali ba. Na sani. Ki bar Lyle ya huta, ki je wurin ƙawarki a Marquette ki yi ko mako biyu. In na dawo a Janairu sai mu zauna.

Kawunki,
Reino

L'Anse
12 ga Yuni

Kawu,

Na gaishe ka. Ina nan, ba zan ce lafiya ba.

"Na sani," ka ce. Me ka sani? Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Lyle ya gaya maka wani abu kafin ka koma jirgi, ko? Ku biyun kuna shigewa gareji ku rufe ƙofa, ni ina kai muku kofi kamar baƙuwa. Ya ce maka ya gaji da ni? Ya ce ya gaji da duniya? Shekara guda kana riƙe da wannan kana cin abinci a teburina!

Ban ji maganarka ba. Na ari motar ɗaukar kaya na tafi Eagle River ranar Asabar. Dubek ɗin wani ƙato ne mai dariya tun kafin a ba da labari. Bai san ko ni wace ce ba. Ya janye tamfol ya ce, "To madam, ga amaryar. Ke za ki hau, ko maigida ne ya aiko ki don ya san ba zan yi wa mace tsada ba?"

Na ce, "Maigida ya riga ya hau."

Ya ce, "Ashe kun san daɗinsa!" Ya jona masa tiyon ruwa yana nan a kan tirela, ya danna. Bugu ɗaya ya tashi, Kawu. Ya murza shi har kajinsa suka watse. Yana ihu a kan ƙarar, "Ji nan! Kin taɓa jin tari? Kin ji ya yi gardama? In kin samu wanda ya fi shi lafiya a jihar nan, dawo ki mare ni!"

Ni ina tsaye ina roƙon Allah ya sa injin ya yi tari ko sau ɗaya. Bai yi ba. Ban yi ciniki ba, na biya abin da ya ce, har ya ji kunya ya ƙara mini da jarkar mai.

To ka yi gaskiya. Injin lafiyarsa lau. Lyle da kansa ya kashe shi, ya cire riga ya rataye a tsanake, yadda yake rataye komai, ya shiga ruwa. Ni na tura shi. Babur yana tsakar gida yanzu, inda yake a da.

Ka gaya mini abin da ya ce maka. Ko mene ne, ya fi wannan shirun.

Paula

L'Anse
16 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa. Mako biyar ke nan babu amsa. Na fahimta, ba sai ka rubuta ba. Wanda ba ya son yi maka ƙarya, ba ya kuma iya faɗa maka gaskiya, shiru yake yi.

Na bar zuwa aiki a kantin magani. Na zare wayar gida daga bango, na gaji da masu tambayar ko ina cin abinci. Ranar Lahadi a coci uwar Lyle ta yi mini magana karon farko cikin shekara. Ta ce, "Na ji kin dawo da shi. Za ki sa masa furanni ne a ƙofar gida, kowa ya gani?" Ni kam ban ga inda ta yi kuskure ba.

Na yanke shawara. Ranar tara ga Agusta, ranar aurenmu, zan sa babur a ruwa in je har inda aka tsince shi, bayan tsinin ƙasar Pequaming da ya kutsa cikin tafki, inda ba a hango gari. Ina so in kashe injin in zauna a wurin in ga abin da ya gani. Kada ka ji tsoro, zan sa riga. Tasa zan sa.

Paula

Tashar Toledo
24 ga Yuli

Paula,

Babu lokacin doguwar gaisuwa, ina lafiya. Wasiƙunki biyu tare suka zo jiya, don an juya mu Chicago fiye da wata guda ba mu bi ta Detroit ba. Na sauka na buga miki waya sau huɗu daga bakin tasha, sai na tuna kin ce kin zare ta.

Kada ki sa babur ɗin nan a ruwa. Kin ji ni? Ko a bakin gaɓa kada ki hau shi.

Lyle bai gaya mini komai ba. Na rantse da kabarin uwarki. Maganarsa ta ƙarshe da ni a kan kamun kifi ce, yana cewa zai kai ki tsibiri in rani ya yi.

Kin tambaye ni yadda ake duba inji, na ƙi. Ga shi yanzu. Abin da Dubek ya nuna miki ba gwaji ba ne. Inji a kan tirela maƙaryaci ne, ba ya ɗauke da nauyi, bai kuma yi zafi ba. Wanda ke da ciwo a ciki zai yi miki waƙa minti biyu a tsakar gida, ya mutu bayan minti ashirin a tafki.

Je garejina. A ƙarƙashin benci akwai shuɗin akwati, ciki akwai ma'auni mai fuskar agogo da guntun tiyo, da sufanar fulogi. Ɗaga kujerar babur, za ki ga fulogi biyu a saman inji. Kwance su, ki ajiye na gaba a hagu, na baya a dama, kada ki haɗa su. Dubi bakinsu a hasken rana. Mai lafiya launin kofi yake. Sai ki ɗaura ma'aunin a ramin gaba, ki murza mai har ƙarshe, ki danna maɓallin tashi ki ƙirga biyar, ki rubuta inda allura ta tsaya. Ki yi haka a ramin baya. Ya kamata su zo kusan ɗaya. In ɗaya ya faɗi ƙasa da nisa, kwance kusoshin kan injin, ki fara da na gefe, ki ɗaga shi ki goge cikinsa da tsumma ki duba da kyau.

Ki yi da kanki, kada ki kai wa bakanike. Ki rubuto mini abin da kika gani, duk abin da kika gani.

Reino

L'Anse
2 ga Agusta

Kawuna,

Ina gaishe ka, gaisuwa ta gaske wannan karon. Yaya gwiwa? Ka yafe mini maganganun da na rubuta. Jiya na ci abinci har na ƙara.

Na yi yadda ka ce. Na fasa farce biyu, na zagi kakannin wanda ya ƙera kusoshin nan. Fulogin gaba launin kofi. Na baya fari tas, kamar an wanke shi da sabulu. Na ɗauka shi ne mai lafiyar, ka ga jahilci. Ma'auni ya nuna ɗari da hamsin a gaba, tamanin da biyar a baya. Na maimaita sau uku don ban yarda da kaina ba. Da na ɗaga kan injin na goge, sai ga ta: tsaga siririya kamar gashi, daga ramin ruwa zuwa cikin silinda ta baya, da jan tsatsa a gefenta.

Na mayar da waya bango na kira Dubek. Na ce, "Mista Dubek, ka ce in dawo in mare ka. Ina hanya."

Ya fara da, "Madam, kaya in ya bar ƙofata..."

Na ce, "Ba kuɗi nake nema ba. Mijina ya mutu a kan babur ɗin nan bara. Sau nawa ka sa shi a ruwa?"

Ya ce, "Sau biyu. A makon da tsohon nan ya kawo mini shi. Duka biyun minti ashirin ya yi, ƙarfinsa ya fara ja da baya, ya mutu. Surukina ne ya jawo ni da kwalekwale, yana mini dariya. Na tura shi shagona na rufe, ban ƙara taɓa shi ba. Madam, da na sani..." Ƙaton nan kuka ya sa mini a waya.

Kawu, injin ne ya mutu masa! Bai kashe shi ba. Na zauna a kan ciyawa, hannuna duk baƙin mai, na yi kukan da ban yi a jana'iza ba.

Abu biyu suka rage. Rigar har yanzu ban gane ta ba. Me zai sa ya cire ta? Na biyu, me ke tsaga inji haka? Dubek ya ce ƙanƙara ce, wai in an bar ruwan tafki ya kwana a ciki lokacin sanyi. Ya ce ba a wurinsa ba, shagonsa da murhu. Na ce masa ba a wurinmu ba ma, kawuna ne ya zubar masa da ruwa da hannunsa, kuma kawuna bai taɓa barin ko butar shayi da ruwa a hunturu ba. To mene ne kuma? Kai za ka sani.

'Yarka,
Paula

A kan jirgi, Tafkin Huron
19 ga Agusta

Paula,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi da kika ci abinci. Wannan ita ce takarda ta biyar da na fara, huɗu suna cikin kwandon shara.

Dubek ya faɗi gaskiya. Ƙanƙara ce. Ban zubar da ruwan ba.

A Oktoban shekarar da ta gabaci rasuwarsa na zo hutun kwana goma sha biyu. Lyle ya jawo babur garejina ya ce, "Kawu, kai za ka yi masa shirin sanyi, ni ban yarda da hannuna ba." Na ce, "Bar shi nan, aikin rabin awa ne." Na tafi harbin tsuntsaye, kullum ina cewa gobe. Sai kamfani ya kira ni kwana biyu kafin lokaci, na kulle gareji na tafi. Da na dawo a Janairu na ga tamfol ɗin, sai na tuna. Na tayar da shi a kan tirela, ya yi ƙara mai daɗi, na ce Allah ya rufa asiri. Ni da na rubuta miki cewa inji a kan tirela maƙaryaci ne. Ma'aunin yana ƙarƙashin benci, taku uku daga inda nake tsaye. Ban ɗauko shi ba, don ba na son in ga abin da zai nuna.

A Maris, a teburinki, Lyle ya ce, "An yi masa, Kawu?" Na ce, "Tun Oktoba." Shekara talatin ana kirana wanda ba ya mantuwa, na kasa cewa na manta a gaban yaron da ke ganin girmana.

Rigar kuma. In ƙarfin babur ya fara ja da baya a ruwa, abin da kowa ke fara zato shi ne ciyawa ta toshe ragar ƙarfen da ke ƙarƙashi, inda yake zuƙar ruwa. Sai ka nutsa ka cire ta da hannu. Rigar ceto ba ta barin mutum ya nutsa, don haka kana cire ta, ka ɗaure a hannun babur kada igiyar ruwa ta tafi da ita. Ni na koya masa wannan, cikin Agusta, ruwa da ɗumi. Ban ce masa kada ya yi a Mayu ba. A ruwan Mayu minti kaɗan hannu ke mutuwa, ba ka iya kama komai ka hau. Ya ɗaure rigar ne don zai dawo ya sa ta, Paula. Gida yake ƙoƙarin dawowa.

Na gane haka tun ranar da aka faɗa mini yadda aka tsinci babur. Na ji abin da ake raɗawa a jana'iza, na ga yadda uwarsa ta dube ki. Jimla ɗaya ce za ta wanke ki, amma duk wanda ya ji ta zai tambayi me ya kashe injin. Sai na ɗaura tirela na kai shi inda nake zaton ba za ki ƙara ganinsa ba.

Ba na neman komai. Ki nuna wa duk wanda kika ga dama wannan takarda.

Reino

L'Anse
21 ga Oktoba

Kawu Reino,

Ina fata kana lafiya. Takardunka uku na bayan nan sun zo, suna kan firji ban buɗe ba.

Na naɗe kan injin a tawul na kai wa uwar Lyle, na ajiye shi a teburinta tare da wasiƙarka. Ta karanta a tsaye. Ta bi tsagar da farcenta tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ce, "Zauna, Paula, kofi ya yi sanyi, bari in ɗora wani." Yanzu tare muke zuwa kabari. Na koma aiki.

Mantuwar Oktoba da na yafe maka tun a jana'iza, da ka faɗa. Ko ƙaryar Maris, wataƙila wata rana. Amma ka karanta abin da na ce na gaya wa Lyle, ka san ina ɗauke da shi a matsayin wadda ta kashe mijinta, ka ce in je Marquette in huta. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba.

An ce sanyi zai sauko ƙarshen mako. Jiya na je gidanka na rufe ruwa, na zubar da na bututu duka, da na tukunyar ɗakin wankan tururi, don na ce maka zan yi tun bazara. Na koma na duba sau biyu. Ma'auninka yana cikin shuɗin akwati. Makullin gidan na bar shi wurin fasto, a can za ka karɓa in ka dawo a Janairu.

Paula Harju